Yadda wasan yara ya samu katanga, ƙofa da rufi

A babban hutun da ya wuce na kai iyali Kano gaida ƙanin uwargida. Rana ta uku da saukarmu, bayan la'asar, sai ya ce mini: "Mushe, yau dai ka manta da alli, mu kai yaran nan su ga gari." Ya kwashe mu a motarsa zuwa wani katafaren gini na kantuna. A can ciki akwai gidan wasa na yara: ga sanyin na'ura, ga fitilu kala-kala, ga kiɗa, ga dawakin juyi da muke kira manej, ga motocin karo, ga wani ɗan jirgi mai zagaye bisa dogo. A bakin ƙofa ake biya, a zuba kuɗin cikin kati, duk abin da yaro zai hau sai an goga katin. Kafin awa ɗaya da rabi, yara huɗu sun cinye abin da ya kai jika goma sha biyar a kuɗinmu, auta kuma yana kuka wai ba a gama ba.

Abu biyu suka tsaya mini a rai. Da na zagaya neman ƙofar fita ta biyu, na tarar an jibge kujeru a gabanta. Da muka fito kuma, a bakin ƙofar waje, ga yara sa'annin nawa masu tallar ruwa suna leƙen fitilun daga nesa. A hanyar komawa ɗiyata ta fari, wadda za ta shiga aji shida, ta ce: "Baba, wa ya fara yin wannan wuri?" Na ce mata amsar tana da tsawo, ta bari mu koma Maraɗi. Amsar ce nake kawowa nan, saboda na ga ta shafi malamai da iyaye baki ɗaya.

Wasa a gefen kasuwa

Kakan gidan wasa na yau kasuwa ce. A shekarar 1133 sarkin Ingila Henry na Ɗaya ya ba da izinin cin wata kasuwa ta shekara-shekara a Landan, wadda aka sa wa sunan waliyyi Bartholomew. Kasuwar tufafi ce tun farko, tana ci a ƙarshen watan Agusta. Da yake jama'a na taruwa, sai masu dabo, masu tafiya bisa igiya, masu wasa da dabbobi da makaɗa suka riƙa biyo ta. Sannu a hankali wasa ya rinjayi ciniki, har hukuma ta rufe kasuwar a 1855 saboda hargitsi da ya yi yawa.

A Danmak kuma ruwa ne ya tara mutane. Ana danganta farkon Bakken, wanda ke arewa da birnin Kopenhagen, da shekarar 1583, lokacin da aka gano wani marmaro a cikin daji. Ruwan birni ba shi da kyau a zamanin, sai mutane suka riƙa fita ɗibar na marmaron, ƴan talla da masu wasa suka bi su. Wurin yana aiki har yau, shi ake ɗauka a matsayin gidan shaƙatawa mafi daɗewa a duniya.

Wanda ya taso a ƙauye cikinmu ba zai ji wannan labari baƙo ba. Ranar kasuwar mako ce gardi ke zuwa da macijinsa, mai kura da kurarsa, ƴan kama da barkwancinsu. Abin lura shi ne a wannan mataki babu katanga. Mai kuɗi ya jefa abin da ya samu, marar kuɗi ya tsaya ya yi kallo, babu mai korarsa.

Lambun sarki da dokin katako

Mataki na biyu daga fada ya fito. A 1766 sarki Joseph na Biyu ya buɗe wa talakawa Prater, dajin farautar gidan sarauta da ke Biyana a ƙasar Ostiriya. Nan da nan masu sayar da abinci da abin sha da masu lilo suka kafa rumfuna. A 1843 wani mai suna Georg Carstensen ya buɗe lambun Tivoli a Kopenhagen, bayan ya samu izini daga sarkin Danmak Christian na Takwas. Ana ruwaito cewa hujjar da ya kai wa sarki ita ce jama'ar da ke shaƙatawa ba ta tunanin siyasa. Ko da labarin ya sha gishiri, yana nuna cewa masu mulki sun daɗe da gane amfanin nishaɗi wajen kwantar da talakawa.

Shi kansa manej ɗin da yaranmu ke hawa daga wasan mahaya ya samo asali. Barade a Turai suna horon kansu da sukuwa, mahayi ya cake ƙaramin zobe da mashi. A 1662 sarkin Faransa Louis na Goma Sha Huɗu ya shirya wani babban hawa a Paris, filin da aka yi shi har yau sunansa Place du Carrousel. Daga baya aka sassaƙa dawakin katako ana juya su da ƙarfin mutum ko na dabba. Ke nan auta da ke riƙe da wuyan dokin roba yana kwaikwayon barde ne bai sani ba.

Jirgin nan mai hawa da gangara kuma, malamai sun san sunansa da Faransanci, montagnes russes, wato duwatsun Rasha. Sunan yana da dalili. A Rasha ne ake gina tudu da katako a lokacin hunturu, a zuba ruwa ya daskare, mutane su sulalo daga sama. Faransa ba ta da irin wannan sanyi, sai aka sa wa kujerun ƙafafu aka ɗora su bisa dogo, kamar yadda aka yi a Paris a 1817.

Inji, lantarki da kuɗin ƙofa

Ƙarni na 19 ya kawo abubuwa uku da suka canza komai: inji, ma'aikacin masana'anta mai albashi da ranar hutu, da jirgin da zai kai shi bayan gari. A shekarun 1860 aka fara juya manej da injin tururi a Ingila. A Amurka kamfanonin taragon lantarki sun lura cewa ranar hutu taragonsu fanko yake yawo, sai suka riƙa gina wuraren wasa a ƙarshen layi don a samu fasinja. Tun daga nan wasan ya zama ƙugiya, cinikin na gaskiya yana wani wuri.

A 1893, a baje kolin duniya na Shikago, injiniya George Ferris ya gina wani lilo mai siffar ƙafar keke, tsawonsa mita 80, yana da akwatuna 36, kowane na ɗaukar mutum 60. Amurkawa na son su mayar wa Faransa martani kan hasumiyar Eiffel ta 1889.

Katanga kuma a Coney Island ta yi ƙarfi, wani bakin teku a birnin Niyok. A 1895 Paul Boyton ya kewaye filinsa na Sea Lion Park, ya sa ƙofa, ya ce sai an biya a shiga. Yana cikin na farko da suka yi haka. George Tilyou ya buɗe Steeplechase Park a 1897, Luna Park ta biyo baya a 1903 da dubban fitilun lantarki, a zamanin da gidaje da yawa ba su da wuta. Daga wannan lokaci kallo ma ya zama na kuɗi.

Shi Tilyou ɗan kasuwa ne na gaske. Da gobara ta cinye filinsa a 1907, sai ya riƙa karɓar santi goma daga masu son shiga su ga toka. Da ya tashi sake gini, ya yi wani babban zaure na ƙarfe da gilashi, ya shigar da wasanni da yawa ciki. Ya gane cewa babban abokin gabarsa ruwan sama ne da sanyi, domin duk ranar da aka yi ruwa babu ciniki. Wannan zaure yana cikin kakannin wurin da na kai yarana.

Rufi da sanyin na'ura

Rufi kaɗai bai isa ba sai an mallaki iskar ciki. A 1902 Willis Carrier ya ƙera na'urar daidaita iska don wata maɗaba'a a Niyok, inda laima ke ɓata takarda. Ba don jin daɗin mutane aka yi ta ba, amma daga baya gidajen silima da manyan kantuna suka ɗauka.

A 1956 aka buɗe Southdale a jihar Minesota mai tsananin sanyi: kantuna masu yawa ƙarƙashin rufi ɗaya, da iska ɗaya rani da damina. Wanda ya zana ginin, Victor Gruen, haifaffen Biyana ne, burinsa ya yi wa mutanen bayan gari dandali irin na birnin da ya baro, inda za a zauna a gaisa. Masu jari suka ɗauki kantunan suka watsar da sauran, har a ƙarshen rayuwarsa ya nisanta kansa daga abin da tunaninsa ya haifa. Shekara ɗaya kafin Southdale, a 1955, Walt Disney ya buɗe Disneyland a Kalifoniya, fili ne a sarari, amma shi ya koya wa duniya cewa iyali gaba ɗaya, uba da uwa da yara, su ne abokan cinikin da za a nema.

Saura a haɗa biyun. An gwada a kusa da Shikago a 1975 da wani wuri mai suna Old Chicago, kantuna kewaye da filin wasa mai rufi. Bai yi ƙarko ba, ya rufe a 1980. Wanda ya yi nasara shi ne na Edmonton a Kanada, inda iyalin Ghermezian, ƴan asalin Iran masu cinikin darduma, suka buɗe babban ginin kantuna a 1981, suka ƙara masa filin wasa a 1983, wanda yau ake kira Galaxyland. A 1989 aka buɗe Lotte World a Seul, babban birnin Koriya ta Kudu. Lissafin mai sauƙi ne: yaro ya jawo iyaye, iyaye su daɗe, wanda ya daɗe cikin kantuna kuwa ba ya fita hannu sake.

Abin da sanyi ya sa aka ƙirƙira a Kanada, zafi ya sa aka ɗauka a ƙasashen Larabawa. An buɗe Ferrari World a Abu Dabi a 2010, IMG Worlds of Adventure a Dubai a 2016, Warner Bros. World a Abu Dabi a 2018. Mu da ma'aunin zafi ke haura 40 a watannin Afrilu da Mayu mun san dalili. Ƙananan gidajen wasa da ke fitowa cikin manyan biranenmu jikokin waɗannan ne.

Akwai wani reshe da ya kamata malamai su sani. A 1999 aka buɗe a birnin Meziko wurin da daga baya aka sa wa suna KidZania: ƙaramin gari mai rufi inda yaro ke wasan zama likita, ɗan kwana-kwana ko matuƙin jirgi, a biya shi da kuɗin wasa, ya kashe a kantunan ciki. Akwai darasi a ciki ƙwarai. Sai dai bankin da kantunan na kamfanonin gaske ne, da sunayensu a jiki, yaro na koyon sana'a yana haddace sunan mai talla.

Wa aka bari ya shiga

Duk inda aka kafa ƙofa, sai an samu wanda aka bari a waje. A Paris akwai Jardin d'Acclimatation, wanda aka buɗe a 1860, yau wurin wasan yara ne. A 1877 shugabansa ya kawo mutanen Nubiya daga yankin kogin Nilu, aka nuna su tare da raƙuma da sauran dabbobi, jama'a na biya suna kallo. Ciniki ya yi kyau, aka ci gaba da irin wannan baje koli na mutanen ƙasashen da aka mallaka har cikin ƙarni na 20. Baƙar fata ya fara shiga irin wannan wuri a matsayin abin kallo, kafin a yarda ya shiga a matsayin mai kallo.

A Amurka wurare da yawa sun hana baƙaƙe shiga har shekarun 1960. A wasiƙar da Martin Luther King ya rubuta daga kurkukun Birmingham a 1963, cikin misalan zafin wariya da ya kawo har da wahalar yi wa ɗiya ƴar shekara shida bayanin dalilin da ba za ta je gidan wasan da ta gani a telebijin ba. A Baltimore, ranar 4 ga Yuli 1963, an kama ɗaruruwan masu zanga-zanga, cikinsu har da malaman addini, a ƙofar Gwynn Oak Park. An buɗe wurin ga kowa ranar 28 ga Agusta na shekarar, ranar da aka yi babban gangami a Washington. Manej ɗin wurin daga baya aka kai shi tsakiyar Washington.

Yau babu allon da ke cewa wane ba ya shiga. Katin da ake gogawa ne ke yin aikin a natse. Yaran da na gani da robar ruwa a ka babu dokar da ta hana su, amma sakamakon ɗaya ne. Alhali sashe na 31 na yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wadda Nijar ta amince da ita a 1990, ya sa hutu da wasa cikin haƙƙin kowane yaro.

Ranar da rufi ya zama tarko

Rufin da ke kare ruwa da rana shi ne ke riƙe hayaƙi. A 1971 aka buɗe Summerland a tsibirin Man, tsakanin Ingila da Ayalan, babban gidan shaƙatawa mai hawa-hawa da aka lulluɓe da roba mai kama da gilashi. Ranar 2 ga Agusta 1973, wasu yara da ke shan taba a wata rumfa a jikin ginin suka haddasa wuta. Akwai mutum kusan 3,000 a ciki. Kayan ginin masu cin wuta ne, wasu ƙofofin gaggawa a kulle suke, an kuma makara wajen kiran ƴan kwana-kwana. Wani abin da ya ƙara asara shi ne tsarin wurin ya raba iyali: yara na wasa a wani hawa, iyaye na zaune a wani. Da wuta ta tashi, iyaye suka nufi neman ƴaƴansu maimakon ƙofa. Mutum 50 suka rasu.

Ba a ɗauki darasin ko'ina ba. Ranar 25 ga Maris 2018, a Kemerovo ta Rasha, gobara ta tashi a hawan sama na wani ginin kantuna, inda wurin wasan yara da silima suke. Ƙararrawar gobara ba ta aiki, wasu ƙofofi a kulle. Mutum 60 suka mutu, 37 yara ne. Ranar 25 ga Mayu 2024, a Rajkot ta Indiya, wani gidan wasa ya kama da wuta, aƙalla mutum 27 suka rasu, aka kuma gano ba shi da takardar amincewa ta hukumar kashe gobara.

Mu malaman Nijar ba ma buƙatar a fassara mana wannan. A Afrilun 2021 gobarar azuzuwan zana ta kashe yara kusan 20 a Yamai, a Nuwamba na shekarar kuma aƙalla 25 a nan Maraɗi. Mun san abin da ke faruwa idan yara da yawa suna wuri ɗaya, wuta ta tashi, hanyar fita ta yi kaɗan. Shi ya sa kujerun nan da na gani a gaban ƙofa suka hana ni sakewa. Na yi wa mai kula da wurin magana, ya ce za a kwashe. Allah ya sa an kwashe.

Abin da ya rage gare mu

Ban ce kada a je ba. Yarana sun ji daɗi, ni ma na yi dariya da na ga uwargida cikin motar karo tana salati. Wanda ya samu hali ya kai nasa. Amma rigakafi ya fi magani: da shigarku ku nemi ƙofa ta biyu ku tabbata a buɗe take, ku nuna wa manyan yara, kada babba ya zauna a wani hawa yara na wani, a kuma yanke abin da za a kashe tun daga gida a faɗa wa yara, domin an tsara katin ne yadda ba za a ji fitar kuɗi ba.

Babban abin da tarihin nan ya nuna mini shi ne an ɗauki ƙarnoni kafin wasa ya tashi daga fili ya koma bayan katanga, mu kuwa a cikin tsara ɗaya abin ke faruwa. Dandalin da muka yi langa da ɓoyo, ƴan mata suka yi gaɗa a farin wata, a unguwanni da yawa an yanka shi an sayar. Idan ana rabon filaye, iyaye na da bakin tambayar magajin gari ina aka ware wa yara. Filin makaranta ma, a wurare da dama shi kaɗai ya rage, bai kamata mu bari a cinye shi da gini ko mu mayar da lokacin hutun tara na ƙarin darasi ba.

Kwana uku da dawowarmu na tarar yaran sun buɗe nasu gidan wasa a tsakar gida. Sun ɗaura igiya a reshen bedi, sun kifa turmi, sun jera kujeru a matsayin jirgi. Sun kuma yanka kwali sun yi kati, suka tsayar da auta a bakin zaure yana karɓar marfin kwalba biyar kafin a shiga. Yaran maƙwabta biyu na tsaye a waje, ba su da marfi. Na kira ɗiyata na ce: "Kin tambaye ni wa ya fara. To, lilon ya girmi ƙofar da ɗaruruwan shekaru." Ta yi shiru, sannan ta je ta janye auta daga bakin zaure, yaran suka shigo.